Kurkura Marar Hayaƙi

Hanyar ƙauyenmu ba ta taɓa ganin kwalta ba, sai dai a bakin masu neman ƙuri'a. Ta ɓalle daga titin Ƙanƙara, ta ratsa gonaki, ta gangaro ta gaban makarantar firamaren da nake koyarwa, sannan ta haura ta nufi wajen Pauwa. Idan damina ta yi nisa, rami ne ke miƙa ka ga rami. Duk da haka ba ta rasa baƙi, domin direbobin da ke ɗauko masara daga wajen Faskari da Sabuwa sun gano yanke ce, kuma direba in ya ji an ce yanke ba ya sake jin wata magana.

Tun ina yarinya na tarar da dokar da ta riƙe wannan hanya. A ƙasan gangaren akwai wata tsamiya, a bayanta kuma akwai inda ake haƙar marmara. Duk mai hayaƙi da ya biyo hanyar, sau ɗaya a yini, sai ya tsaya ya cika daro da marmara ya juye a ramin da aka nuna masa. Mai mashin ƙaramin daro, mai mota babban daro, akori-kura mai lodi kuwa sai ta maimaita. Jaki da keke da amalanken shanu da mai tafiya a ƙasa, Allah ya kiyaye hanya, su wuce abinsu. Ba kuɗi, ba rasit. Dattawan da suka kafa dokar sun ce kuɗi na iya ɓacewa ko a aljihun mutumin kirki, amma ba a taɓa jin wanda ya cusa marmara a aljihu ya kai wa iyalinsa ba. Da kalma biyu suka rufe maganar: mai hayaƙi. A zamaninsu duk abin da ke da nauyin da zai ci hanya yana da salansa, saboda haka ba su ga dalilin ƙara ko harafi ɗaya ba.

Babana shi ne mai tsamiyar. Ba igiya gare shi ba, ba shinge, daga buzu da buta sai sanda. In inji ya sauko gangare sai ya ɗaga sandar nan sama, direba ya taka birki. Ban taɓa ganin wanda ya wuce sandar ba, har da wani mai babbar riga da ya zo cikin mota mai baƙin gilashi ya ce a bari ya ba da kuɗi. Baba ya ce masa rami ba ya cin kuɗi. Mutumin ya naɗe rigarsa ya ɗauki shebur.

Akwai abin da nake ganin duk duniya ni kaɗai na sani, wato idon Baba ya tafi. Na gane ne wata rana da na kai masa fura bayan an tashi makaranta. Na tsaya gabansa ban yi sallama ba saboda bakina cike yake da gyaɗa, shi kuwa ya ci gaba da jan carbinsa yana fuskantar inda nake, bai ko motsa ba. Sai da gyaɗar ta shaƙe ni na yi tari, sannan ya zabura ya ce, "Ke ɗiyar nan, tun ɗazu nike kallonki, ina jira in ga ko tarbiyyar da na ba ki ta zube." Na ce Allah ya huci zuciyarsa. Na durƙusa ina dama furar, hawaye na neman ya ƙara mata ruwa. Daga baya na yi dabara na kai shi asibitin ido a Katsina da sunan za mu gaisuwar rasuwa, likita ya duba ya ce mun makara.

A mota muna dawowa ya riƙe hannuna ya ce, "Kada yayanki shi ji. In ya ji, zaure za shi zaunar da ni, shi sayo mani rediyo. Ranar da anka raba ni da tsamiyar nan, ku hwara neman likkafani." Yayan nawa mutumin kirki ne, irin masu kirkin da ba sa tambayarka kafin su yi maka shi. Ya daɗe yana cewa abin kunya ne a gare shi a ga ubansa yana wuni a bakin hanya. Ni kuwa na san ubana, na san ba barazana yake yi ba. Tun rasuwar Inna tsamiyar nan ce ke tashinsa da safe. Saboda haka na kama bakina, shi kuma ya kama kunnensa. Da sassafe yakan bi hanyar yana zungurar ƙasa da sanda har ya san inda kowane rami ya kwana, sauran aikin kuma inji ne ke yi masa, tun da ba injin da ya iya sirri.

Haka muke lallaɓawa har ɗan Gwaggo ya dawo gida. Taubashina ne, ɗan ƙanwar Baba, wanda ya yi shekaru a Kano yana gyaran wayoyi, ya dawo da tumbi da gemu da kurkura. Ni tun da nake na ɗauka daga ƙararta aka samo sunan kurkura, domin keken nan mai ƙafa uku tun daga nesa take sanar da zuwanta. To tashi ba ta cewa uffan. Ba ta shan mai, ba ta da salansa, caji ake yi mata kamar waya. Ya kafa faifan sola a rufin ɗakin uwarsa, ya ja waya ta taga, Gwaggo ta koma tsallake igiya kafin ta kai ga randa. Ranar farko da ya fito da ita, ya biyo bayan wata tsohuwa mai ɗauke da itace har kusan masallaci ba ta sani ba. Da ta waiwayo ta ga gemu na shawagi a bayanta ba ƙara, ta zubar da itacen ta kama salati da gudu. Kaji kuwa ba su taɓa yarda cewa abin hawa ba ne, sai dai ya tsaya ya roƙe su.

Na ce masa, "Kai ɗan mace, wannan abin naka mota ce ko tocila?"

Ya ce, "Malama, ci gaba ne. Ke dai ki ci gaba da koya wa yara baƙi da wasali."

Na yi dariya a lokacin. Ban hango abin da ke tafe ba sai ranar kasuwar Ƙanƙara, ina zaune gefen Baba ina jiran ya gama da kwano. Na ɗaga kai na ga kurkurar nan ta sauko gangare, an ɗora mata buhunan masara har ta durƙusa. Ta zo ta gabanmu, ɗan Gwaggo ya ɗago hannu biyu ya dunƙule yana gaisuwa, ya wuce sumul. Sandar Baba tana kwance a kan cinyarsa. Yana ba ni labarin wata akuya da ya taɓa saya a Ketare.

Ta wuce ranar, ta wuce washegari, ta ci gaba da wucewa. Masu mashin ɗin haya, waɗanda kullum da safe suke cika daronsu, suka fara zumɓura baki. Shugabansu wani dogo ne mai murya kamar ya haɗiye lasifika. Wata rana ya juye marmararsa, ya kife daron da ƙarfi, ya zo ya tsuguna gaban Baba.

"Baba, ba rashin kunya za ni yi ba. Amma mi ya sa ɗan ƙanwarka ka wucewa da lodi kullum, sanda ba ta tashi? Ko ita sandar ta san dangi?"

Baba bai san ma ana wucewa ba. Hanya biyu ce a gabansa, ko ya ce son kai ya yi, ko ya ce bai gani ba, kuma kowacce zaure za ta kai shi. Ya ci gaba da jan carbi, ni kuwa ina ƙirga mutuwata. Can sai ya gyara zama ya ce, "Kai yaro, mi doka ta ce?"

"Mai hayaƙi, Baba."

"To, ka ga hayaƙi gare ta?"

Dogon ya miƙe ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Na so in yi guɗa. A raina na ce ubana ya fi ƙarfin lauya, ya fita ta inda ba ƙofa. Ban san wannan fitar ce za ta jefa mu cikin abin da ya fi ramukan hanyar zurfi ba.

Washegari ina aji ina koyar da jam'i da tilo, sai na ga yara sun bar ni sun koma taga. Na leƙa. Masu mashin ne a jere a kan gangare, kowa ya kashe injinsa, suna gangarowa shiru da ƙafafu a ware. Da suka zo daidai tsamiya sai kowa ya ɗaga murya, "Baba, ga ni nan na wuce, ba hayaƙi!" Su tura mashin ɗin su ɗan yi gaba, sannan su tayar su tafi. Kafin mako ya zagayo abin ya kai ga motoci. Na ga akori-kura cike da masara daga Sabuwa ta tsaya a saman gangare, direba ya kashe ta, fasinjoji suka sauko har da wani tsoho mai tari, suka tura ta suka wuce da ita ta gaban Baba suna haki. Wahalar da suka sha ta ninka ta cika daro, amma fuskokinsu fes, kamar sun ci riba. Direban ma sai da ya leƙo ta taga ya yi ihu, "Baba, akori-kura ce, mai lodi, ba hayaƙi!"

Wannan ihun nasu ya fi komai ƙona mini rai. Ku wuce mana, sai kun yi wa dattijo shela? Na ɗauka tsabar iskanci ne, na kuma sa wa dogon nan ido, na ƙudurta cewa ɗansa da ke ajina sai ya share filin makaranta har ya kammala firamare. Baba kuwa yana zaune, sanda a cinya, daruna a kife, kaji na kwana a ƙarƙashinsu. Ruwan ƙarshen damina ya sauko, ramuka suka haɗa zumunci. Wata mota ta kafe a gaban makaranta har yara suka mai da ita wurin cin abincinsu a lokacin hutun tara. Baba ya rage cin abinci. Na kai masa fura ya kurɓa ya ture, abin da ban taɓa gani ba.

Dole Mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa bayan la'asar. Mata ba sa zama irin wannan taro, amma matar Mai unguwa ƙawata ce, kuma katangar gidansu ta zana ce. Na je taya ta tsince shinkafar da tun jiya ta tsince.

Ɗan Gwaggo ya fara magana. Ya ce shi bai karya doka ba, Kawunsa ma ya shaida. Ya ce kamata ya yi a gode masa, tun da ba ya ɓata iskar da mutane ke shaƙa. Ya ce ya ji a rediyo cewa har ƙasashen Turawa suna cikin wannan rigimar, domin su a kan man fetur suke ɗora kuɗin gyaran titi, ga shi motocin caji sun zo ba sa shan mai. Wani tsoho ya ce Alhamdu lillahi, ashe mun kamo Turawa, tun da yanzu matsalarmu ɗaya.

Dogon mai mashin ya ce shi bai damu da iska ba, iska ba ta taɓa fasa masa taya ba. Ya ce buhun masara nauyinsa ɗaya ko a kan mai hayaƙi ko a kan marar hayaƙi, kuma hanya ba ta da hanci. Nan na ji na ɗan sassauta wa ɗansa, na rage masa sharar zuwa zango ɗaya.

Daga nan taro ya ɓalle. Wani ya ce in dai hayaƙi ne, to akwai mai gyaran rediyo da ke wucewa kullum a kan keke da sigari a bakinsa, shekara da shekaru bai taɓa cika daro ba. Mai gyaran rediyo ya miƙe ya ce shi ne ke hayaƙin, ba keken ba. Aka ce ai doka ba ta ce keke mai hayaƙi ba, cewa ta yi mai hayaƙi. Ya ce to daga yau ya koma goro. Mai shayi, da ya ga inda maganar ta dosa, ya yi maza ya ce shi tukunyarsa a gefen hanya take, ba a kai ba. Mai tsire ya sulale ya tafi duba wuta. Wani kuma ya kawo shawarar a ɗaura wa kurkurar kasko a baya, a riƙa zuba turaren wuta, ta yi hayaƙi ta shiga doka, gari kuma ya yi ƙamshi. Wallahi sai da aka tattauna wannan shawara da gaske, har aka fara gardamar wa zai sayi turaren. Liman ne ya kashe ta, ya ce masara da garwashi ba sa tafiya mota ɗaya.

Shi Liman ɗin ne kuma ya kawo maganar hankali, wadda ta kusa kashe ni. Ya ce magabata sun ambaci hayaƙi ne don shi suka gani, amma abin da suke nufi shi ne wanda ya ci hanya ya ciyar da ita. A bar hayaƙi a koma taya. Duk mai taya da lodi ya cika daro daidai nauyinsa, har da amalanken shanu, wanda ƙafarsa ke yanka hanya fiye da mashin goma amma tun kafuwar doka yake wucewa yana taunar rake. Masu amalanke suka yi gunaguni, sauran jama'a suka ce wannan shi ne adalci. Ni ma a bayan zana na san adalci ne. Sai dai amalanke ba ya ƙara, kurkurar ɗan Gwaggo ba ta ƙara, kuma ana ta cewa wasu masu cajin suna nan tafe. Sabuwar dokar ido take so.

Kamar ya ji tunanina, Yaya ya yi gyaran murya. Ya ce tun da aiki zai ƙaru, ya kamata a hutar da Baba a sa matashi, shi kuma ya riga ya gyara masa zaure. Mai unguwa ya ce magariba ta gabato, a kwana da maganar, a yanke gobe. Shinkafar da nake tsincewa sai da matar Mai unguwa ta karɓe tiren, domin na fara zubar da shinkafar ina ajiye tsakuwa.

Da safe ban nufi makaranta ba, gidan Gwaggo na nufa. Na tarar da ɗan Gwaggo a ƙofar gida yana goge kurkurarsa, dogon mai mashin kuma yana tsugune gefe yana cajin wayarsa a solar mutumin da jiya ya tsine wa. Ban damu da shi ba. Na tsallake wayar na tsaya a kan taubashina.

"Kai ɗan mace, ka ji daɗi? Ka kwaso tocilarka daga Kano ka zo za ka kashe mani uba."

Ya ajiye tsumman. Na ɗauka zai mayar da wasa, sai na ga idonsa ya kaɗa. "Ni za ni kashe shi? Malama, tun da na dawo garin nan, kullum na wuce sai na ɗaga hannu biyu na gaishe da Kawu. Ko sau guda bai amsa ba. Kallona shike kamar bai san ni ba. Ni na ɗauka hushi shike don na daɗe ban zo gida ba, shi ya sa ma nike jin nauyin tsayawa. Da ya ɗaga sanda sau guda, wallahi da na cika daro har da na gobe."

Ban san lokacin da maganar ta kuɓuce mini ba. Na ce, "Ƙaƙa za shi amsa? Ba shi gani! Ba shi ganin komi!" Na faɗa, na toshe bakina, na juya na dubi dogon nan mai muryar lasifika. A raina na ce shi ke nan, kafin azahar har ƙauyen Mabai an ji.

Dogon bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Malama, wai da ke ɗai kike zaton kin sani?"

Na ce, "Mi kake nuhi?"

"Mashin ɗina sabo ne, in na so sai in gangaro ko kaza ba ta ji ba. Kin taɓa tambayar kanki mi ya sa duk wanda ya kawo saman gangaren nan sai ya murɗa totur kamar za shi tashi sama? Gangare ne hwa. Wa ke ba inji wuta a gangare? Mun daɗe da sani. Direbobin Faskari ma sun sani, in baƙo ne mu kan gaya mashi tun daga titi. Ko da muka yi yajin nan, ai kin ji muna hwaɗa mashi ko wane ne ya wuce. Hushi muke da doka, ba da Baba ba."

"To da ka je kana tambayarshi ko sanda ta san dangi?"

"Na ɗauka wanga ya hwaɗa mashi tun farko sun shirya," ya nuna ɗan Gwaggo da haɓa. "Wa ya san ba wanda ya gaya ma ɗan Kano?"

Na zauna a kan dakalin gidan Gwaggo na yi kuka sosai, irin mai majina. Shekarun nan duk ina ɗauke da sirri a ka ina tafiya a hankali kada ya zube, ashe duk gari kowa da nasa kwafin. Na tambayi dogon ko Yaya ya sani. Ya ce duk garin mutum biyu ne aka ɓoye wa da gangan, yayana don kada ya yi kirki, da ni don kada in yi kuka. Ɗan Gwaggo shi ma yana share ido da tsumman goge kurkura, har ya shafa wa gemunsa baƙi. Ban gaya masa ba.

A taron yamma dokar Liman ta wuce, aka koma taya da lodi. Da Yaya ya sake tayar da maganar zaure, dogon ya miƙe ya ce su masu mashin ba za su tsaya wa sandar kowa ba sai ta Baba, in an sa matashi to a shirya tura motoci har tashin duniya. Masu amalanke suka ce tun da an jefa su cikin biya, su ma sai sun zaɓi wanda za su biya a gabansa. Mai unguwa ya ƙara sharaɗi ɗaya, yana magana yana duban sama kamar yanzu abin ya faɗo masa. Ya ce rashin ladabi ne abin hawa ya wuce dattijo shiru, saboda haka duk marar ƙara ya nemo ƙara. Yaya ya duba hagu ya duba dama bai ga mai goya masa baya ba, ya ce shi dama hutu yake nema wa Baba. Har yau zauren na nan da sabuwar tabarma, awaki na jin daɗinta.

Masu amalanke suka rataya wa shanunsu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ɗan Gwaggo kuwa hon ɗin kurkurarsa ya mutu tun a hanyar Kano, kuma ya ce ba zai rataya gwangwani a jikin ci gaba ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, ina gefen Baba da kwanon fura. Sai muka ji wani abu daga saman gangare, ba inji ba, ba dabba ba. Na ɗaga kai. Ɗan Gwaggo ne a kan kurkura da lodin masara, ƙato da gemu da tumbi, ya kumbura kumatu yana kurrrr da bakinsa, har yana canja giya. Yawu na fesawa a gilashi. Matan da ke zaune kan buhuna sun rufe fuska da mayafi suna kyarma don dariya. Yaran makarantata suka biyo shi a guje suna taya shi.

Sandar Baba ta tashi sama.

Ɗan Gwaggo ya taka birki, ya yi wani tari na mutuwar inji, ya sauko ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Kawu, ina wuni."

"Lahiya lau. Kai ne da wanga inji?"

"Ni ne, Kawu."

"To ka kai shi a duba, shina zubar da ruwa. Babban daro, ka maimaita. Ramin da ke gaban makaranta."

Ya ɗauki shebur yana dariya yana share ido. Baba ya miƙo hannu na sa masa kwanon, ya kafa kai ya shanye furar tas, har ya karkaɗe. Ni kuwa ina ta shirya yadda zan ci gaba da yi kamar ba abin da ya faru, domin mun yi alkawari da dogon cewa Baba ba zai taɓa jin an sani ba. Wani mai mashin ya sauko gangare yana murɗa totur har tsuntsayen tsamiya suka watse. Baba ya ɗaga masa sanda, ya yamutsa fuska, ya karkato wajena ya rage murya.

"Ɗiyar nan, ki ce ma yaran nan su rage ba inji wuta, mai ya yi tsada. Shekara nawa ina jin su suna ƙona shi a banza saboda ni. Ido ne ya tahi, kunnen shina nan."

Ya miƙo mini kwanon ba tare da ya juyo ba, na sa hannu biyu na karɓa.